Sarewa Goma Sha Biyu da Turmi Ɗaya

Laraba, 9 ga Afrilu, 2025

Direkta Magagi ya kira ni ofis bayan an tashi. Bai ce in zauna ba.

“Mushe Nasiru, wata ukku ke nan kana hura ƙarhe da ɗiyan mutane. Ni dai ban ji waƙa ba tukuna.”

Na ce ana koyo. Ya ce shi ma ya san ana koyo, har gidansa yana jin koyon. Sannan ya faɗi abin da ya kira ni dominsa. Ranar Asabar 24 ga Mayu za a yi bikin lakwal, wato makarantarmu, anspaktar mai duba makarantu zai zo, kwamitin iyaye za su zauna a gaba. In yarana suka busa abin da kunne zai ɗauka, yammacin Laraba ya zama namu har baɗi. In ba haka ba, sarewa ta koma kwali, a kulle a magaza, ɗakin ajiya, awar kuma ta koma ta dikte, wato shifta.

Na ce na yarda. Da sauri na faɗa, kamar wanda ake shirin ƙwace wa.

Sarewar kwano goma sha biyu ce, mai huda shida-shida. Abdurrahman, abokina tun makarantar horon malamai, shi ya aiko min da su daga Yamai a watan Janairu. Ɗaya tawa, sha ɗaya na yara. Ranar da na buɗe kwalin a kilas, yaran CM1, aji biyar da nake koyarwa, ba wanda ya fita rekreyasyon, hutun hantsi. Ban taɓa ganin haka ba a shekara tara da na yi ina koyarwa a Filinge.

Laraba shida ta rage kafin ranar.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yatsu ba su ne matsala ba. Kowa ya san inda sautin do yake a jikin sarewa, ya san inda sol yake. Lokaci ne babu. Kowane yaro da agogonsa a ciki.

Abin da zan bi, in rubuta kada in manta:

Tafi kafin busa. Wanda bai iya tafa waƙar ba, kada ya kai sarewa baki.

Baki kafin yatsu. Doguwa a ce “taa”, gajeru biyu a ce “ti-ti”. A rera ta haka har ta zauna.

Sannan a busa waƙar duka a kan sauti ɗaya tak, yatsu a rufe, harshe kawai ke aiki: tu, tu-tu, tu. Sai wannan ya yi kyau a saki yatsu.

Doguwa a riƙe ta har ƙarshenta. Yara suna yanke mata wutsiya don ɗokin ta gaba.

Shiru ma ana ƙirga shi. Wannan ne ba su yarda da shi ba sam. Gani suke in ba a busa ba, ba a yin komai.

Waƙar ni na shirya ta, ƴar gajera ta yi wa baƙi maraba, gaɓa goma sha shida. Takwas na farko tafiya ce a miƙe. Daga ta tara gajerun suna yawa, yatsu sai sun yi tsalle.

Laraba, 16 ga Afrilu

Zafi kamar a tanda. Kwanon rufin kilas har ƙara yake yi. Na jiƙa tsumma na rataya a taga, bai yi minti goma ba ya bushe.

Tafi ya yi kyau. “Taa, ti-ti” ya yi kyau, har suna dariya. Na ɗauki regil ɗina na katako, wanda nake jan layi da shi a tablo, allon bango, ina buga tebur: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gaɓa takwas lafiya lau. Muna shiga ta tara sai komai ya watse. Wani ya yi ƙara kamar an taka ɗan kaza, wani numfashi ya ƙare masa, Husaina ta sauke sarewa tana haki.

Sau biyar. Wuri ɗaya.

Yazid ne ya fi kowa saurin yatsu, ɗan mai ɗinki na bakin kasuwa. Idonsa a kan regil, ba ya kuskure shi. Da duka haka suke da na huta.

Kadijatu kuma, ƴar Buba, da ke zuwa a ƙasa daga rugarsu ta hanyar Bonkuku. Sautinta ya fi na kowa daɗi, har nawa. Zagayayye, ba ya rawa. Amma tana makara. Da farko tare muke, can sai in ji ta a baya kaɗan, can kuma a baya sosai, kamar saniyar da ta tsaya shan ruwa garke ya wuce. Kuma ba ta kallon regil. Ƙasa take kallo, jikinta na ɗan lilo.

Na ce, “Kadijatu, nan ake kallo.” Ta ce to. Ta kalla na gaɓa biyu, ta mayar da kai ƙasa.

Jumma'a, 18 ga Afrilu

Shugaban iyaye ya tare ni a ƙofar masallaci. Wai ɗansa ya ce an koya masa yin shiru da ƙirge. “Mu ko a gida mun yi shekara muna hwama ya yi shiru bai yi ba.” Dariya yake, amma ban san iyakar dariyar ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Direkta ya zo ya tsaya a taga. Bai shigo ba, bai yi magana ba. Hannu a baya.

Yau ko gaɓa ta tara ba mu kai ba. A ta bakwai muka faɗi. Na sake. Muka faɗi. Na ji gumi na bin bayana, na ji sarewar yarinyar nan tana jan ƙafa a bayan kowa, a fili, ko kurma zai ji. Na buga regil da ƙarfi har alli ya yi tsalle daga tebur.

“Kadijatu! Ke kaɗai ke ja mu baya! Barci kike?”

Ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta sa sarewar a cinya, ta rufe da hannu biyu.

Da na waiga babu kowa a taga.

Na dawo gida ban ci tuwo ba. Matata Samiratu ta tambaye ni ko ciwon kai ne, na ce eh. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na riƙe Kadijatu ita kaɗai jiya bayan tashi, minti ashirin. Na ce ta busa min waƙar ba tare da regil ba. Ta busa daga farko har ƙarshe, gaɓa ta tara ta wuce kamar ruwa a kwata. Ko tuntuɓe. Na ce madalla, to yanzu da regil. Muka fara tare. Kafin tsakiya ta koma baya.

Na yi mata bayani a tablo, na zana layi, na raba shi huɗu. Na ce kowane bugu gidansa daidai yake da na ɗan'uwansa, ba babba ba ƙarami. Ta ce, “I, Mushe.” Na ce kin gane? Ta ce, “I, Mushe.” Ta ɗan buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta kalli ƙafarta.

Akwai yaran da ke iyawa su kaɗai, ba sa iyawa cikin taro. Na karanta haka. Ina jin ita ce.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na ɗora waya a kan tebur na ɗauki muryar busar yau, don kada a ce zalunci na yi. Na kunna musu. Ga regil, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ga sarewa goma suna bin sa da kyar, ga guda ɗaya can a baya ita kaɗai.

Na ce, “Kun ji?” Yazid yana wasa da maɓallin rigarsa.

Bayan sun fita na gaya mata. Na zaɓi kalmomi masu taushi, na ce ba kora ba ce, ranar biki ce kawai ba za ta busa ba, bayan biki ta dawo mu ci gaba. Na ce saboda sauran ne, in aka rufe awar kowa ya rasa. Gaskiya ce ai. Mutum goma da mutum ɗaya.

Ta ce, “To, Mushe.”

Shi ke nan. Da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi.

Jumma'a, 2 ga Mayu

Na tarar da sarewarta a kan teburina da safe, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta, an goge ta har tana ƙyalli. Ban ce ta dawo da ita ba. Na sa a aljihun tebur.

A darasin lissafi ta amsa tambaya biyu daidai. Ba ta kalle ni ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Babu Kadijatu. Na ɗauka yau za mu tsallake.

Gaɓa ta shida.

Ta shida! Inda ko a watan Fabrairu ba mu taɓa faɗuwa ba. Kamar amalanken da aka cire wa birki a gangara. Husaina ta ce ƙirjinta na ciwo. Delu ta ce yatsunta sun ƙi jin magana. Na sa su tafi, tafi daidai. Na sa su “taa, ti-ti”, daidai. Na ɗauki regil, suka kai sarewa baki, muka watse.

Direkta ya wuce ta taga sau biyu. Na biyun har ya tsaya ya gyara hula.

Kwana goma sha bakwai. Ban san abin da zan gyara ba. Na cire abin da na ce shi ne ciwon, ciwon ya ƙaru.

Lahadi, 11 ga Mayu

Kasuwa. Na hango mahaifiyar Kadijatu a layin masu nono, na bi ta layin masu tabarma. Ni da ban ci bashin kowa ba.

Abin da ya faru da la'asar shi nake so in rubuta, ko da yake ba na so.

Ina zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida da waya, ina ta maimaita busar ranar 30, ko zan gano wanda ke fara ɓatawa. Samiratu da Hauwa maƙwabciyarmu suna surfen gero a turmi ɗaya, suna lugude, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Hauwa ta ce, “Mushe, ƙara murya mu ji kiɗin ɗiyanka, mu yi daka da shi.” Wasa take. Na ƙara.

Suka ɗauki bugun regil, taɓarya ɗaya a kan ɗaya da uku, ɗayar a kan biyu da huɗu. Da farko abin sha'awa, har Hauwa tana jefa taɓarya sama tana tafawa. Can sai na ga sun daina dariya. Kafaɗu sun fara sauri. Gero ya fara tsalle yana fita. Sai ƙwaf, taɓare suka haɗu a bakin turmi, Samiratu ta saki tata ta riƙe yatsa.

“Wai wa ke wannan bugu? Kura ta biyo shi?”

Na ce bugun daidai yake, regil ne.

“Regil ɗin a hannun wa yake?”

Hauwa ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Na ce su sake. Samiratu ta ce ita ba ta da yatsan bayarwa. Na roƙe ta. Ta ce to, amma ba za su bi katakon nan ba, akwai wata sarewa ƴar siririya a ƙasa-ƙasa, ita za su bi. Na san wadda take nufi. Na kunna.

Suka yi lugude daga gaɓa ta ɗaya har ta sha shida. Taɓarya ba ta taɓa ƴar'uwarta ba. Dum, dum, dum, dum, kamar an auna da igiya. Sarewar Kadijatu a kan kowane dum, ba gaba ba baya. Regil ɗina kuwa ina jin sa yana barin su, kaɗan-kaɗan, yana tafiya, har ya yi nisa, sauran goman suna binsa a guje suna faɗuwa.

Samiratu ta ce, “Wannan ɗiya ta iya daka. Ɗiyar wa ta?”

Na tashi na shiga ɗaki.

Litinin, 12 ga Mayu

Na gwada da agogo, ni kaɗai a kilas lokacin rekreyasyon. Na buga regil na minti ɗaya ina ƙirgawa, hankali kwance: tamanin. Na sake, ina tuna fuskar Direkta a taga: ɗari da huɗu.

Na sake don in ƙaryata. Ɗari da ɗaya.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban ɗauko regil ba. Na zauna a kan benci tare da su, abin da ban saba ba, na ce ina da tambaya, kuma ba zan yi fushi ba.

“In ina buga tebur, bugun yana canzawa?”

Shiru. Wannan shirun ba sai an ƙirga musu ba.

Yazid ne ya ɗaga kai. “Mushe, in munka kusa wurin mai wuya kana ƙara wuta. In Direkta ya zo taga kuma, sai ka tahi kamar motar Yamai.”

Wani ya tuntsire, ya toshe baki.

Na ce tun yaushe kuka sani? Delu ta ce tun kafin azumi. Na ce me ya hana ku faɗa? Suka kalli juna kamar na tambaye su me ya hana su tashi sama. Husaina ta ce a hankali, “Kai ne Mushe.”

Yazid ya ƙara da cewa da Kadijatu tana nan, in ya rikice ita yake saurare da kunne ɗaya, idonsa na kan regil don kada in yi faɗa. Ashe duk haka suke yi. Ita ce ke riƙe su har gaɓa ta tara.

Na aro turmi da taɓarya biyu a gidan maigadi, muka zuba dusa. Delu da Husaina suka yi lugude, sauran suka busa. Ya fi. Mun kai ta sha ɗaya. Amma masu dakan suna kallon fuskata, in na ɗaure ta sai su ƙara sauri. Kuma an rage sarewa biyu, waƙar ta yi sirara.

Abin da na ƙara a takardata, ƙarƙashin na 10 ga Afrilu:

Wurin da ya fi wuya shi ke yanke saurin waƙa. In gaɓa ta tara ba ta yiwuwa, tun daga ta ɗaya aka yi sauri.

Mai tsoro yana gudu, kuma ba ya jin gudunsa. A nemi abin da ba ya tsoro a bi shi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na tsayar da ita a bakin ƙofa, na miƙa mata ƙyallen da sarewar a ciki. Ba ta karɓa ba. Ta ce Baffanta, wato mahaifinta Buba, ya ce tun da an sallame ta, Laraba da yamma ita ke kai maruƙa rijiya. An riga an raba aiki.

Na ce in na je na gan shi fa? Ta ɗaga kafaɗa kaɗan.

Kwana tara.

Asabar, 17 ga Mayu

Na tafi da keke da sassafe. Yashin dallol, busasshen kwarin nan, ya ƙi, rabin hanya tura shi na yi. Ita wannan tafiyar take yi kullum, sau biyu, kuma ba ta taɓa makara a layin safe na lakwal ba. Ban taɓa lissafa wannan ba.

Buba ya shimfiɗa min tabarma a gindin gawo. Dogo, mai magana a hankali. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka kawo nono a ƙwarya, na sha. Ya tambayi zafi, ya tambayi iyali, ya tambayi ko an ji labarin ruwa ta kudu. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba.

A bayan bukka ana daka, mutum uku a turmi ɗaya. Ban ga masu yi ba, amma na san hannu ɗaya a ciki.

Na faɗa masa. Na so in ce an samu ƴar rashin fahimta, har na shirya kalmar tun a hanya. Da na buɗe baki sai na ji na ce, “Malam Buba, ni na yi kuskure. Ƴarka ce ke daidai, ni ke gudu. Na kunyata ta a gaban ƴan'uwanta a kan laifina.”

Ya daɗe yana kallon sandarsa.

“Ta gaya mini an ce ba ta iya ba. Na ce mata to, Mushe ya hi mu sani.” Ya ɗago kai. “Amma na yi mamaki. Tun tana shekara bakwai uwayenta ke sa ta tsakiya in ana lugude. Mai sauri ba a sa shi tsakiya, hannu shika karyewa.”

Na tambaye shi ko ta taɓa cewa ni ke sauri. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce ɗiyar da ya haifa ba ta buɗe baki ta ce babba ya yi kuskure, ko da wuta ce ya taka.

To ni wa zai gaya min ke nan? Ban faɗa ba. A nan nake faɗa.

Maruƙa, ya ce, ƙanenta zai kai Laraba biyu. Biyu kawai. In ruwa ya sauka za su matsa arewa da shanu, wannan ba a hannunsa yake ba.

Ya kira ta. Ta zo da dusa a hannu, ta durƙusa nesa. Na ajiye ƙyallen a bakin tabarma, ban miƙa ba. Na ce, “Kadijatu, ba ki makara ba. Ko sau ɗaya.” Sai da na juya keke na waiga, na ga babu ƙyallen a tabarma.

Litinin, 19 ga Mayu

“Turmi? A gaban anspaktar?”

Direkta ya cire tabarau. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon iyaye su bar ƴan mata su zo lakwal maimakon daka, yanzu ni zan kawo daka cikin lakwal, ranar biki, a gaban kwamiti. Su ce me?

Na ce masa dai in ba turmi, ni zan buga, in kuwa ni na buga za mu faɗi. Ya tambayi dalili. Na faɗa masa. Karo na biyu cikin kwana uku, bai fi na farko sauƙi ba.

Ya mayar da tabarau. “Ni ban hana ba, ban kuma sa ka ba. Sharaɗinmu shina nan yadda yake.”

Laraba, 21 ga Mayu

Ta zo. Ta zauna a ƙarshen benci inda ta saba. Na ce ta dawo tsakiya. Sai da Delu ta ja hannunta.

Mun yi haka: Husaina da Delu a turmi. Ba ni za su kalla ba, Kadijatu za su saurara. Ita za ta busa gaɓa biyu ita kaɗai, taɓare su hau kan busarta, sannan kowa ya shigo. Inda taɓaryar Delu ta tashi sama a ƙarshen kowace gaɓa ta biyu, nan ake jan numfashi. Shirun gaɓa ta sha biyu kuwa yanzu ba wanda ke tsallake shi, don suna jin dum biyu a cikinsa, sun san ba fanko ba ne.

Sau huɗu muka yi. Biyu sun kai ƙarshe. Biyu sun faɗi a ta goma, kuma duka biyun ina tsaye a gabansu ina kaɗa kai. Yazid ya ce, “Mushe, ko za ka koma baya kaɗan?” Na koma bayan kilas. Daga nan ne biyun suka kai.

Rabi da rabi. Da haka za mu je.

Jumma'a, 23 ga Mayu

Hadari ya haɗu ta gabas da la'asar, iska ta kwashe shi. Kowa a garin nan roƙon ruwa yake. Ni ma na roƙa. Allah Ya gafarta min abin da na ƙara a zuciyata game da gobe.

Asabar, 24 ga Mayu

An kafa rumfa, an jera kujeru. Anspaktar a tsakiya, Direkta a damansa, shugaban iyaye a hagu, mata a baya da lema. Aka yi jawabi, aka yi wasan kwaikwayo na CM2, ƴan aji shida, aka yi gasar karatu. Mu ne na biyar. Rigata ta jiƙe tun a na biyu.

Da maigadi ya mirgino turmin tsakiyar fili sai dariya ta tashi. Wata daga baya ta ce, “Yau tuwo za a ba mu?” Direkta yana kallon takardar da ke hannunsa kamar bai taɓa ganin rubutu ba.

Na koma gefe, bayan tankin ruwa, inda yara ba za su gan ni ba. Na haɗa hannu a baya.

Kadijatu ta fara. Wallahi na ji kamar ta yi jinkiri. Cikina yana cewa yi sauri, mutane za su gaji, anspaktar zai duba agogo. Ƙafata ta dama ta fara bugun ƙasa da kanta, tana gaba da su. Na ɗora ta hagu a kanta na danne.

Dum. Dum. Sarewa takwas suka shigo tare, kamar ƙofa ɗaya aka buɗe. Biyar, shida. Bakwai. Dariyar baya ta mutu. Takwas. Na rufe ido.

Ta tara ta wuce. Ban ma san ta wuce ba sai da na ji ta goma. A ta sha ɗaya wani ya yi ɗan ƙara, ina jin Yazid ne, amma turmi bai kula shi ba, ya dawo ya hau. Sai shirun ta sha biyu: dum, dum, fili tsit, kuma matan baya, su da suka san abin, suka tafa biyun nan daidai a kan taɓarya, ba wanda ya ce su yi. Suka ci gaba da tafawa har ƙarshe. Doguwar ƙarshe an riƙe ta har wutsiyarta.

Guɗa ta tashi. Ban fito daga bayan tanki da wuri ba.

Na hango Buba can nesa wajen katanga, tsaye da sanda a kafaɗa. Kafin in kai wurin ya tafi.

Anspaktar ya ce wani abu a kunnen Direkta, ban ji ba. Direkta bai ce min komai ba har aka kwashe kujeru. Ina naɗe tabarmi ya zo ya tsaya, ya ciro makulli daga aljihu.

“Na kilas ne. Laraba in kun gama ka riƙa kullewa da kanka, na gaji da jiranku.” Ya yi taku biyu ya juyo. “Turmin kuma a mayar wa matar maigadi, tana nema.”

Laraba, 28 ga Mayu

Ruwa ya sauka Litinin da asuba, mai yawa. Gari ya tafi shuka, yara bakwai kawai suka zo. Kadijatu tana ciki. Ta ce jibi za su tashi, sai Oktoba. Na ce ta tafi da sarewar. Ta ce ta lakwal ce. Na ce lakwal ta ba ta aro, ta dawo da ita da sabuwar waƙa.

Samiratu ta ba mu tsohon turminta mai tsaga, ya zauna a kusurwar kilas. Regil yana wurin tablo, na ja layin lissafi da shi da safe.

Mun fara sabuwar waƙa, mai bugu uku. Tafi tukuna, sannan baki, sannan sauti ɗaya. Da aka zo busa na ɗauki tawa na zauna a benci, tsakanin Yazid da Kadijatu, don dai babu wanda zai riƙe muryar ƙasa. Ba wani dalili ba.

Muna cikin gaɓa ta biyar na ji an taɓa gwiwar hannuna. Ba ta daina kallon ƙasa ba. A hankali ta faɗa, da kyar na ji.

“Mushe. Ka yi gaba.”

Na ce to. Muka koma daga farko.